Tsamiyar da Basharu bai sauka ba

Ke Kubura, kin taɓa ganin babur tsaye cikin inuwa, ba kowa bisanshi, amma bayanshi a danne kamar an ɗora buhun gero? To ni na gani da idona, a ƙofar gidan nan. Aje wayar ki ji, tun da kin ce kabu-kabu za ki hau zuwa Kalgo.

Basharu ƙanena ne, nono guda munka sha a Kalgo. Ni anka kawo ni aure nan Gwandu, shi yaz zauna can shina facin keke bakin kasuwa. Siriri ne, ga surutu, ga ba'a. In ka kai mashi keke sai ya tambayi keken abin da ke damunshi kafin ya tambaye ka. Amma abu guda, in yac ce zai yi, to zai yi, ko da ba mai kallonshi. Wannan halin ne yak kai shi.

Shekarar da anka cire Kebbi daga Sakkwato, wasu mutane sunka zo daga wata ƙasa can gabas, masu ƙera babur. Sunan kamfaninsu bai taɓa zama bakina ba. Sun ji labarin ƙasarmu akwai mutane, akwai tahiya, sunka ce nan za su buɗe kasuwa. Babbansu wani ɗan gajere ne mai tabarau, kullum shina share zuffa. Mai yi mashi tafinta Attahiru, ɗan Birnin Kebbi. Sunka ce kafin su kawo babura da yawa, suna son wanda zai gwada musu guda a rairayinmu da zahinmu, kwana arba'in. In ya gama, su buɗe mashi shago da allo mai sunanshi, duk wanda yas sai babur ɗinsu ƙasar Kalgo wurinshi zai kai gyara. Mutanen kasuwa sunka nuna Basharu.

Sharaɗinsu biyu ne. Kada ya ɗauki kowa. Kuma ya tashi Kalgo rana tsaka, ya bi hanyar daji ta fadama har Gwandu, kada ya kashe inji, kada ya sauka, don su ga yadda ƙarfen ke jure zahi.

To, ita hanyar nan, bayan Wurogauri akwai wata tsamiya bakin ruwa. Tun muna yara mun san mai jaki shina sauka, mai doki shina sauka, mai keke ya tura da hannu. Ka yi sallama, ka wuce da ƙafa, sannan ka hau. Ba wanda yat taɓa ce muna ga dalili. Kuma rana tsaka ba a bin wurin sam.

Ran farko yaz zo nan da babur ja, shina ƙyalli, unguwa duk ta hito. Nac ce, "Basharu, ka sauka ga tsamiya?"

Yay yi dariya. "Yaya Indo, na yi sallama ina gudu. In akwai mai amsawa, sai dai ya biyo ni ya amsa."

Nac ce, "Bakinka wanga, Allah shi shirye shi."

Kwana kaɗan, Delu mai hura, wadda ke kawo nono daga Kambaza, tac ce mani, "Indo, ashe ƙanenki ya ƙara aure ba ki gaya muna ba?" Nac ce wane aure, matarshi Tasalla ce kaɗai. Tac ce to wace ce yake goyowa, mai farin zane, zaune a karkace, ta juya wa mutane baya? Na ɗauka ba'a take. Sai ga manoma kan hanya sun koma ce mashi "sannunku da tahiya". Shi kuwa in ya waiga, ba kowa.

Rannan yaj jingine babur ƙarƙashin darbejiyar can yas shigo cin tuwo. Nah hita zuba ruwa, nag ga tayar baya ta nutse cikin ƙasa, ta gaba ko tana bisa. Awakina da ke kwana wurin duk sun koma bayan rumbu sun tsaya suna kallo. Nas sa hannu ga mazaunin baya. Inda yaz zauna ya huce, amma nan da ɗumi, irin ɗumin jikin mutum.

Nak koma ciki nac ce, "Gobe ka kashe abin nan ga tsamiya. Ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka yi sallama yadda anka saba, ka ba da haƙuri. Wanda yah hau sai ya sauka."

Yac ce, "Na ba mutane magana ba ni sauka."

"Suna Birnin Kebbi, wa zai gaya musu?"

"Ni zan sani, Yaya."

Mutanen kamfani da sunka duba babur ɗinsu, sunka ga tayar baya ta cinye kamar ta shekara. Ɗan gajeren nan yab bugi mazauni da hannu shina magana da sauri. Attahiru yac ce, "Wai ka ci amana, kabu-kabu kake yi da shi." Basharu yar rantse, yag gaya musu gaskiyar abin da mutane ke gani. Attahiru bai ma juya musu maganar ba, don shi ɗan ƙasa ne. Yac ce dai, "Sun ce ka cika kwanakinka. In sun ji an gan ka da mutum, ba shago."

Daga nan Basharu yac canza. Ba'ar ta tahi. Tasalla tac ce mani ko abinci yake ci sai ya rage rabi ya kai gindin babur ya aje. In zai hau sai ya matsa gaba har bisa tanki, ya bar wuri. In ya zo ga rami sai ya rage gudu, ka ji shina cewa "sannu" a hankali. Nay yi kuka, nak kai shi ga malami, anka yi mashi rubutu ya sha. Malam ma abin da yac ce ke nan, ya sauka. Shi kuma kullum, "Saura kaɗan, Yaya. In na cika, ranar zan sauka."

Ya cika kuwa. Ranar arba'in yaz zo nan, yaj juya zai koma Kalgo, wa'adi ya ƙare, ba sauran sharaɗi bisa kanshi. Da la'asar masunta sunka tarar da babur gindin tsamiya, a kashe, a tsaye kyam, bayanshi ya ɗago. Takalman Basharu a jere gefe. Sawun ƙafarshi ya nuhi ruwa, a hankali, ba gudu ba, can gefen hanya kamar wanda ya bar wa wani tsakiya. Anka shiga da jiragen ruwa, anka yi kwana uku ana nema. Ruwan wurin ko gwiwa bai kai ba.

Kamfani sunka ɗauke babur ɗinsu, sunka kawo wasu cike da mota. Ba wanda yas saya, daga Kalgo har Malisa. Kowa cewa yake, babur ɗin nan ja da mutum bisanshi yake zuwa. Damina biyu sunka yi sunka naɗe kayansu. Allon shagon ashe har sun rubuta shi. Attahiru yak kawo wa Tasalla, tas sa shi murfin akurkin kaji, ni ban iya karatu ba amma an ce sunanshi ne a jiki.

Kina tambaya ko ya yi mani bankwana. Bai sauka ba ranar, nan ƙofa yat tsaya, inji na kaɗawa, rana na dukan kai. Ya rame, amma fuskarshi a sake, irin ta da. Nak kawo mashi ruwa a moɗa yas sha, nac ce, "Yau dai ka cika, ɗan'uwana. Ka sauke ta ka dawo gida." Yam miƙo mani moɗar, yad dubi bayanshi, yac ce:

"Yaya, ƙaro wani. Tun Kalgo ba ta sha komi ba."