Ranar da Na Tura Baba a Baro

Ban taɓa ganin mai ƙaunar kwaɗo da sarƙa kamar sakataren asibitin gwamnatin da muka kai Baba ba. Famfo a kulle, bokiti a ɗaure, kekunan tura marasa lafiya guda biyu kuwa an sarƙafe su da ƙarfen taga kamar awakin da suka saba ɓarna. Makullan duka suna aljihunsa.

Baba ya zame ne a gonarsa ta Beji, ƙafar dama ta kumbura ta ƙi taka ƙasa. Likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga hoton ƙashin. Ɗakin hoton da janareta yake aiki, ƙarfe sha biyu ake kashe shi, ranar kuma Juma'a ce. In muka rasa, sai Litinin, ga Baba yana ta cije leɓe.

Na nemi a kwance mana keke, wata nas 'yar Kudancin Kaduna mai kirki ta ce oga sakatare yana mitin. Na tambayi na mene ne, ta ce na inganta kula da marasa lafiya. Na je ƙofar, masinja ya ce in jira. Na jira har sha ɗaya da rabi ta gota, ina jiyo tafi daga ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A bayan ɗakin maza na tarar da baron mai share ciyawa. Na kakkaɓe shi, na shimfiɗa bargo da filo. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, ko kasuwa ba ya zuwa sai da riga mai guga. Ya dubi baron, ya dube ni, ya gyara hularsa, muka cicciɓe shi ni da wani mai jinya.

Hanyar ɗakin hoto biyu ce. Akwai gajeriya ta bayan ɗakin magani, akwai mai zagaye da ta bi ta ƙarƙashin tagogin ɗakin mitin. Shaiɗan ya raɗa mini, ni kuma ban yi masa gardama ba. Tayar baron tana kuka kamar an taka ɗan kare, na kuma rage sauri daidai taga. Kawuna suka fara leƙowa. Masu jiran kati suka taso kallo, wata mata har da salati. Gaskiya na ji daɗi.

Sakataren ya fito da gudu, gajere ne ashe, ga furfura. Na shirya masa maganganu tun daga bakin ƙofa, amma ko kallona bai yi ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu. Ku gafarce mu." Ya zaro waya ya ce wa mai janareta kada ya kuskura ya kashe sai an gama da dattijon nan. Ya aika aka kwance keke, shi da kansa ya tura. A hanya yake gaya mini kafin zuwansa kekunan bin marasa lafiya gida suke yi ba su dawowa, ɗaya ma a kasuwa ya gan shi ana dakon doya da shi. Na so in ci gaba da fushi, abin ya ƙi.

An ɗauki hoton sha biyu da 'yan mintuna. Tsagewar ƙashi ce, aka ɗaure ƙafar a ranar.

A cikin keke napep muna komawa Bosso, na shiga yabon kaina, ina cewa yau na koya wa manya aiki. Baba yana kallon titi, da muka kusa gida ya juyo ya dube ni.

"Wayar da sakataren ya buga ce ta yi aiki," in ji shi. "Kai kuwa, na ga gajeriyar hanyar. Da ni ka zagaya, ana kallona."