Wanda Ya Cire Baƙar Waya

Surukina yana da wata tsohuwar tasi da yake ajiyewa a bakin titi, domin lungunmu na unguwar Maamobi ko kura ba ta shiga sai da dabara, balle mota. Da tasin nan ya ciyar da gida, da ita ya aurar da 'ya'yansa, har da matata. Tsufa ya zo, idonsa ya fara hazo, amma bai yarda ya ajiye makulli ba. Kowa a gidan ya sani, ba mai iya faɗa masa. Ni kuwa baƙo ne daga Maraɗi, malamin Islamiyya, kuma suruki. Nawa gaisuwa ce da sunkuyar da kai. Abin da kawai nake tsokanar mutanen gidan da shi shi ne Hausarsu ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji. Matata takan ce da ni, "Mma ya tafi kasuwa," tana nufin mahaifiyarta, ni kuma in yi ta dariya.

Wata safiya Baba, wato surukin nawa, ya aika a kira ni, wai mota ta ƙi tashi. Ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Da na ɗaga bonet sai na ga baƙar wayar batir a cire, an kautar da ita gefe, an naɗe kanta da tsumma.

"Me ka gani, Malam?"

"Baba, baƙar waya ce a cire. Har an naɗe ta da tsumma."

Ya miƙo mini sifana, ya ce in fara cire zoben azurfar da ke hannuna. Ya nuna mini wani tabo da ya zagaye yatsarsa, inda nasa zoben ya taɓa ƙona shi.

"Ka ji da kyau. In za ka cire, baƙi ne farko. In za ka mayar, ja ne farko, baƙi ƙarshe. Kuma kada sifana ya haɗa kawunan batir biyun, wuta ne."

Na mayar, na ɗaure, mota ta tashi, ya kama hanyar unguwar Madina. Na koma gida ina jin kaina kamar wani babban makanike.

Abin bai tsaya nan ba. Yau lafiya, gobe a cire. Kuma kullum baƙar ce, kullum da tsummanta. Ɓarawo dai batir ɗin zai ɗauke gaba ɗaya, yara kuma ba su da wannan tsabtar aiki. Wannan hannun wanda ya san mota ne. Nan take zuciyata ta tafi kan maƙwabcinmu mai gyaran mota, wanda a nan ake ce wa fita. Ya sha ce wa Baba ya sayar masa da tasin ya huta. To, wace hanya ta fi sauƙi a sa tsoho ya gaji da motarsa?

Daga ranar komai na mutumin nan ya zama shaida a wurina. In ya gaishe ni da fara'a, in ce ɓoye laifi yake. In ya wuce bai gan ni ba, in ce kunya ce ta kama shi. Ko a masallaci in muka haɗa sahu, baƙin man da ke farcensa nake kallo. Haushi nake ji sosai, domin da bakinsa yake kiran tsohon nan Baba.

Na je wurin mai koko da ke kafa tukunyarta daura da motar tun da sassafe, na tambaye ta ko ta ga wani.

"Ei, Malam, na gani paa. In kun tafi asuba ne yake zuwa. Ya buɗe gaba, ya cire, ya rufe, ya koma."

"Wane ne?"

"Na cikin lungunku ne mana. Ni ba ruwana koraa." Ta ci gaba da zuba kokonta.

Shi ke nan, na ce, na kama shi. Na yi niyyar in tsare shi a gaban mutane, amma na ga gara in gani da idona tukuna. Washegari na yi sallata a ɗaki, na fito na raɓe bayan teburin mai koko, gari na fara haske.

Surukata ce ta fito daga lungu, tana jan ƙafarta mai ciwo. Ta buɗe mota da makullin Baba, ta ɗaga bonet, ta kwance bakin mayafinta ta ciro ƙaramar sifana. Ta sassauta baƙar waya, ta zare ta, ta naɗe. Sai a lokacin maganar mai koko ta dawo mini: ya buɗe, ya cire. Ni da nake yi musu dariya, kunnena na Maraɗi ya ji "ya" ya tafi neman namiji.

Ta juyo ta gan ni. Na durƙusa, ban san ma gaisuwar da zan yi ba.

"Malam, kai ne kake mayarwa, ko?" Muryarta ba faɗa a ciki. "A unguwar Kanda Babanku ya kusa taka wani mai talla, bai gan shi ba sam. Ina cikin mota. In na ce ya bari, zai ce na raina shi. Ni in cire, kai ka mayar. To, yau ka zaɓa."

Tsoro ya kama ni, domin na tuna duk safiyar da na ɗaure wayar nan da hannuna na tura shi titi.

Da hantsi Baba ya aika a kira ni kamar kullum. Na ɗaga bonet na tsaya, sifana a hannuna, na kasa mayarwa, na kuma kasa yi masa ƙarya.

"A cire yake?"

"A cire take, Baba."

"Da tsumma?"

"Da tsumma."

Ya jingina da motar, yana shafa tabon yatsarsa.

"Na ji kana zargin fita. Ka bar shi, fita ba ya naɗa tsumma. Mutum ɗaya na koya ma haka, tun muna sabon aure, lokacin da nake tafiya in bar mota a gida. Tun ranar farko na sani."

Ya zare makullin, ya laluba hannuna ya sa mini shi.

"Kai mishi. Ka ce ya daina fitowa da sanyin safe, ƙafanshi na ciwo."

Wannan karon ban tambayi wane ne ba. Na rufe bonet a hankali, na shiga lungu na kai wa Mma makullin.