Faifan Mama Doreen da Aka Zubar a Shara

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin kula da tsofaffi a Manchester, kuma har gobe ba zan manta da safiyar Talatar da Mama Doreen ta maka mini kofin roba a goshi ba. Tunda ku sababbi ne, gara ku ji labarin daga bakina kafin a ba ku shi a karkace a ɗakin shan shayi.

Ga wanda bai san tsarin gidan ba, manaja ce a sama, sai nas mai kula da magunguna, sai babbar mai kula a kowane bene, wato ni a lokacin, sannan masu kula da ke ƙarƙashina. Kowane tsoho yana da fayil ɗinsa da muke kira care plan. A ciki ake rubuta abin da yake ci, yadda ake ɗaga shi, da abin da ke kwantar masa da hankali.

Mama Doreen ta haura tamanin, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. A unguwar Ardwick aka haife ta, ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗinka rigunan ruwa a wani kamfani. Doreen kawai ake so mu kira ta, haka al'adarsu take, amma bakina bai iya kiran sa'ar uwata da suna gatsal ba. Na ƙara mata Mama, ita ma ta saba.

Kafin mijinta ya rasu ya kwafa mata faifan CD guda ɗaya, babu ko rubutu a kansa. Wata mata ce ke rera tsofaffin waƙoƙin Amurka, da fiyano da ƙaho a bayanta, irin kiɗan nan da ake kira jaz. Kullum ƙarfe takwas na safe sai an kunna shi kafin a yi mata wanka. Shekara uku ina jin wannan faifai, kwana biyar a mako. Na gaji da shi iya gajiya. Ina cikin bas zan koma gida Hulme sai in tsinci kaina ina gunguninsa. Ranar Lahadi a coci ana waƙar yabo, ni kuwa matar nan tana yawo a kaina.

Sau ɗaya a shekara ana turo mai gwajin kayan lantarki. Duk abin da ya faɗi gwaji sai a manna masa jar takarda a fitar da shi. Rediyon Mama Doreen mai kunna faifan ta faɗi gwajin, wayar wutarta ta tsage. Ranar ina hutu. Aka jefa ta a shara da faifan a cikinta, motar shara kuma ta zo ta kwashe. Da na dawo aka gaya mini, Allah ya sani, abin da na fara ji a raina sauƙi ne.

Manaja ta ce, "Babu damuwa, Saratu. Fayil ya ce tana son tsofaffin waƙoƙin Amurka. Ga su nan rututu a tablet na gidan, a kunna mata."

Na ce to. A wurina waƙa ai waƙa ce.

Rana ta farko ta ƙame a bakin gado, ta ƙi a taɓa ta. Ta biyu ta ture abokiyar aikina har ta bugi ƙofa. Ranar Talatar nan ni na shiga da kaina. Tablet ta kawo wata waƙa da na sani sarai daga tsohon faifan, ta wata mace da ke cewa ta daina jiran wani mutum, alhali duk wanda ya ji ta ya san ƙarya take yi. Kalmomin su ne, amma wani ƙato ne ke rerawa, yana buɗe maƙogwaro kamar mai sanarwa a tasha. Mama Doreen ta dube ni ta ce, "Wa ya ba wannan waƙarta?" Kafin in buɗe baki kofi ya sauka a goshina.

Ƙa'ida ita ce, duk lokacin da tsoho ya kai hannu, a cika fom: me ya faru kafin nan, me ya yi, me ya ce. In aka tara uku sai a kira GP, wato likitan unguwa. Washegari aka cika ukun, aka kira shi. Aka gwada fitsari, don ciwon mara yana rikita tsofaffi, aka ga lafiya lau. Aka duba haƙori, aka duba ciki. Daga nan aka miƙa ta ga likitocin ƙwaƙwalwa, aka sa ranar zama Alhamis ta mako mai zuwa. Abu biyu ne a kan tebur: a fara ba ta maganin kwantar da hankali, ko a mai da ita bene na sama inda ake kulle ƙofa.

Nas ɗinmu, Sista Hauwa, 'yar Kano ce, da ita nake samun in yi Hausa a wurin aiki. Ta ja ni ɗakin magani ta rufe ƙofa.

"Yaya Saratu, kin san abin da maganin nan yake yi musu. Barci, sai jiri, sai faɗuwa. Ke kika fi kowa saninta. Me ya canza?"

"Babu abin da ya canza sai rediyo. Kuma ai ana sa mata waƙoƙin."

Ta miƙo mini fom ɗin ranar Talata. "Karanta abin da kika rubuta da hannunki."

Na karanta. Wa ya ba wannan waƙarta. Ni na rubuta, manaja ta sa hannu, GP ya duba, kuma a cikinmu babu wanda ya tsaya ya ji abin da tsohuwar ta faɗa. Haushin kaina ya kama ni, sai wani haushin ya biyo baya: shekara uku ina jin matar nan, ban san ko sunanta ba.

Na buga wa ɗanta Clive waya. A Birmingham yake, tsohon direban babbar mota ne da ciwon baya ya zaunar. Ya ce shi ma bai sani ba, amma faya-fayan garmaho na babansa suna garejinsa, kwali huɗu, daga cikinsu aka kwafo. Na je wa manaja da maganar a ba ni rana ɗaya in je.

"Ma'aikata ba sa zuwa gidan iyalai, inshora ba ta ɗauki wannan ba," in ji ta. "Kuma Saratu, waƙoƙin nan iri ɗaya ne. Ba mu da hujjar cewa mai rerawa ce matsalar."

Na ce, "Hujjar tana goshina, madam."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in sa a rubuce.

Ranar Asabar, ranar hutuna, na hau jirgin ƙasa daga Piccadilly. Babu wurin zama, a tsaye na isa tashar New Street ta Birmingham, ina ta mita a zuci: mace da girmanki, da wankinki da cefanenki, kin kama hanyar Birmingham neman wata mawaƙiya da ba ki san sunanta ba. Daga nan na shiga bas zuwa unguwarsu.

Garejin Clive sanyi kamar cikin firji, sai warin danshi. Ya ɗora garmahon a kan firizar nama, ya ce in rera masa abin da nake tunawa. Na yi gunguni da 'yar muryata ta zumuntar matan coci. Ya fashe da dariya.

"Wannan? Ai kowa ya rera ta. Babana yana da ita a bakin mutum bakwai ko takwas."

Ya bayyana mini cewa irin waƙoƙin nan don wasannin dandali da finafinai aka rubuta su tun zamanin kakanni, daga baya suka zama na kowa. Duk mawaƙin jaz da ya isa sai ya ɗauka ya gwada nasa. Ya ce mamarsa takan ce yadin ɗaya ne, a wurin ɗinki ake gane tela.

Muka fara. Ta farko murya zaƙwai, tana tsalle a kan kiɗan kamar an aiko mata da albishir. Na ce ba ita ba. Ta biyu tun layin farko ta fara kuka, har na ji kunya ta kama ni. Na uku namiji ne. Ta huɗu ta iya, Allah ya ba ta murya, amma so take a san ta iya, kowace kalma sai ta murɗe ta sau uku. Yatsun ƙafata sun daskare, shayin da Clive ya kawo ya huce. A ta shida na ɗaga hannu.

"Muryar ce. Amma ba wannan ba."

Clive ya ajiye kwalin faifan ya dube ni. "Yanzu kika ce ita ce."

"Ita ce, tana yarinya. Wadda na sani ta tsufa. Kuma akwai wanda yake tari."

"Tari?"

Ni kaina ban san na san wannan ba sai da ya fito daga bakina. Ya durƙusa da ciwon bayansa yana ƙunƙuni, ya tono kwali na ƙarshe, ya zaro wani faifai da aka ɗauka a wani ƙaramin gidan kiɗa, da jama'a a zaune. A hoton, matar ta manyanta, idonta a rufe.

Mai fiyano ya fara. Ya kai inda ya kamata ta shigo, ba ta shigo ba. Ya ɗan zagaya ya dawo. Wani a cikin 'yan kallo ya yi tari. Sannan ta shigo, a makare, kusan magana take yi, kamar mace na guga tana ba ƙawarta labarin abin da ya daɗe da wucewa. Muryar ta dushe, wajen da sauran suka haura sama ita sai ta sauka ƙasa. Da ta zo kalmar ƙarshe ta layin sai ta riƙe ta, ta ja numfashi, kamar tana shawarar ko ta faɗa ko ta bari. Sauran duk sun rera cewa sun daina jira. Ita kaɗai ce na ji tana ƙoƙarin yarda da maganar.

Na duba hannuwana, sai na ga ina murɗa gyalena. A daidai wannan shirun na farko nake matse tawul kowace safiya. Ashe wankan gaba ɗaya a kan faifan nan muka gina shi, ni da ita, ban sani ba.

Muka ajiye wayata a gaban lasifika muka naɗi faifan duka, har da gurnanin firiza.

Ranar Litinin na shiga ofis da murnata. Manaja ta ce ba a sa wani abu daga waje a tablet na gidan sai da izinin hedikwata, kuma izinin yakan ɗauki kwana goma na aiki. Na ce a nemi faifan a cikin tablet ɗin. Aka nema, sai na ƙuruciyar kawai. Na ce to in kunna a wayata. Ta ce haramun ne shiga ɗakin tsofaffi da waya. Dokar tana da dalili, kuma ku kiyaye ta, don kare mutuncinsu aka yi ta. Amma zama ranar Alhamis ne. Na tsaya ina kallon manajar nan, kowace amsa tata daidai take, kuma in aka haɗa su gaba ɗaya tsohuwa za ta tafi bene na sama saboda kwana goma.

Washegari da safe na sa wayar a aljihu, na kira Sista Hauwa ta zama shaida.

Ta ce, "Yaya, zan rubuta duk abin da na gani. Har da wayar."

Na ce, "Rubuta."

Mama Doreen tana bakin gado, ta dunƙule hannu. Na kunna. Fiyano ya fara, ta karkata kai. Da aka zo shirun nan na matsa da tawul, sai ta ɗaga mini yatsa ɗaya.

"Jira ta," ta ce. "Ba ta gaggawa."

Muka jira, mu uku. Mai tari ya yi tarinsa. Matar ta shigo. Mama Doreen ta ɗaga hannuwanta sama da kanta don in cire mata rigar barci. Har gashi ta bari na wanke, wanda rabon a taɓa shi mako biyu. Ina taje mata kai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke kuwa kullum sauri kike yi." Ni da na je Birmingham a tsaye!

Ranar Alhamis likita ta karanta rahoton Sista Hauwa na safiya uku, ta ce a ajiye maganar magani, a bar ta a ɗakinta. Da yammar ranar manaja ta kira ni ta ba ni takardar gargaɗi a kan waya. Na sa hannu. Ban ajiye biron ba ta turo mini wata takardar, wai in rubuta abin da na yi don a aika hedikwata a matsayin misalin aiki nagari. Clive ya sayo ƙaramar rediyo ya kwafo sabon faifai, ita ma ta yi mako guda a ofis tana jiran mai gwajin lantarki. Kuma kada ku ɗauka Mama Doreen ta zama waliyyiya. Har ƙarshen zamanta da mu, wanda ya zo yanke mata farce ya san ya yi aiki.

Abin da na koya shi ne, mutanen nan suna zuwa hannunmu bayan kusan komai ya zube musu, kuma ɗan abin da ya rage ba ya karɓar madadi. Mu kuwa, saboda yawan aiki, mun ƙware wajen kawo mai kama da shi. In iyali suka ce muku tsohuwa tana son kiɗa, ku tambayi wane kiɗa, wa ya rera, a wane faifai. In ba su sani ba, ku saurari tsohuwar, ko da da ihu ta faɗa. Mama Doreen ta kai lokacin da Clive zai zo ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Amma a ranar ma, in aka kunna faifan, tana jan numfashi daidai inda matar nan za ta ja, ba ta taɓa riga ta ba.