Hon Uku na Mushe Bashir

Duk wanda ya zauna a unguwar New Bell ta Douala ya san Zakari mai gadi, in bai san sunansa ba to ya san tsayuwarsa. Dogo ne, siriri, kunnensa ɗaya kullum a karkace wajen titi. In kana magana da shi, rabin hankalinsa kawai kake samu. Kada ka ji haushi, ba raini ba ne, aiki ne ya mai da shi haka.

A nan unguwar aka haife shi. Mahaifinsa Bakatsine ne da ya zo Douala cinikin goro ya ƙi komawa. Zakari ya gwada sayar da tsire, hayaƙi ya hana idonsa sakat. Ya gwada benskin, wato acaɓa, ya faɗa kwata sau biyu da fasinja, ta biyun ma mace ce da ƙwai a kwando. Daga nan matarsa Lauratu ta ce ya nemi aikin da ake yi a zaune. Ya shiga wani kamfanin masu gadi, aka ba shi kaki da hula da kulki, aka ajiye shi a ƙofar gidan Muhammad Bashir a unguwar Bonamoussadi, shida na safe zuwa shida na yamma. Lauratu har sadakar ƙosai ta yi, wai mijinta ya samu hutu.

Wane hutu! Muhammad Bashir, wanda kowa ke kira Mushe Bashir, wato "Monsieur" na Faransanci, ɗan New Bell ne shi ma, amma boko ya ɗauke shi ya kai shi babban ofis. Ba mugu ba ne, da salla har shadda yake ba Zakari. Matsalarsa ɗaya, gaggawa. Tun daga kwanar layi yake danna hon, biyu gajeru, ɗaya doguwa. Sufeton kamfani kuwa tun ranar farko ya ja wa Zakari kunne cewa in doguwar ta ƙare ƙofa ba ta buɗe ba, ya ajiye hular, akwai mutum arba'in a layi suna jiranta.

Shekara goma sha ɗaya Zakari yana tsere da wannan hon. Ya bar abinci a kwano ya fi sau ɗari. Ya taɓa fitowa daga ban-ɗaki da buta a hannu ya sara wa mota. Sallar azahar kuwa, Allah dai ya karɓa, don da ƙafa ɗaya a takalmi yake yin ta. Ga shi Douala gari ne da kowa ke danna hon ko don gaisuwa, masu tasi, masu benskin, masu motar burodi, kuma duk wanda ya danna sai gaban Zakari ya faɗi kafin kunnensa ya tantance. Tun yana dawowa da ciwon ƙeya jefi-jefi har ya zama kullum. Ya rame, ya zama mai faɗa a gida, ranar hutunsa ma in ya zauna a kujera a bakin-bakinta yake zama.

Abin bai fito fili ba sai ranar sunan jikarsa, 'yar Hafiza babbar 'yarsa. Tsakar gida cike da mutane, liman ya zauna, Baffa mahauci yana wasa wuƙa, Zakari na riƙe da igiyar wani jibgegen rago. Sai daga titi aka ji biyu gajeru, ɗaya doguwa. Kafin kowa ya ƙifta ido Zakari ya saki igiya, ya tsallake tabarmar dattawa, ya wangale ƙofar gida, ya ƙame yana sarawa. Rago ya ga hanya a buɗe har da mai yi masa maraba, ya bi ta gabansa ya fice abinsa. Motar burodi ce ashe. Sai bayan azahar aka kamo ragon a bakin kasuwa yana cin ganyen wata mai sayar da kayan miya, Baffa na biye da shi yana haki. Har yau a unguwa ana kiran yarinyar 'Yar Rago, sunanta na gaskiya Jannatu, uwarta kaɗai ke kira.

Mutane sun sha dariya, Lauratu ba ta yi ba. Ta san saura wata ɗaya a kai mijinta gwajin likita na shekara, wanda kamfani ke yi wa duk masu gadinsa. Kowa ya san wanda aka samu da hawan jini sunansa ba ya dawowa a takardar aiki. Sai ta tashi haiƙan. Ta cire gishiri da magi daga miyarsa, ta dinga ɗura masa zoɓo ba sukari, safe da yamma tana ba shi tafarnuwa ɗanya ya haɗiya. Sati biyu aka yi, a sahun masallaci aka fara bar masa fili dama da hagu.

Kafin ranar kamfani, ta ja shi wani ƙaramin asibitin unguwa su gwada a ɓoye. Nas ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta ce ya saki jiki, ya tuna wani abu mai daɗi. Yana cikin tuna tsiren da yake gasawa da, wata tasi ta danna hon a waje. Zakari ya miƙe zumbur, ya ja na'urar ta biyo shi har bakin ƙofa. Da aka zaunar da shi aka sake, likita ya duba ya ce sha tara, alhali mai lafiya sha biyu yake. Ya rubuta magani da hutun sati biyu, ya faɗa masa gar da gar cewa in ya ci gaba haka, wata rana ɓarin jikinsa zai shanye.

Zakari ya ji tsoro, gaskiya ya ji. Amma tsoron rasa hular ya fi yawa, don ita ke ciyar da mutum bakwai. Ya ninke takardar hutun ya cusa ta cikin hular, ya ce wa Lauratu zai miƙa ta gobe. Goben nan ta yi kwana tara.

Rana ta goma, Talata, wajen ƙarfe ɗaya na rana, zafi kamar a bakin murhu, ya ji biyu gajeru daga kwana. Ya yunƙura, sai ƙasa ta juya masa, ƙafafunsa suka ce ba su san zancen ba. Ya zame ya zauna daɓas a jikin bango, hula ta gangara gefe. Doguwar ta zo ta ƙare. Aka sake dannawa, aka kuma, har sau bakwai, kowace kamar a tsakiyar kansa. Yana zaune yana jiran duniya ta tashi.

Duniya ba ta tashi ba. Ƙaramar ƙofa ce ta buɗe, Mushe Bashir ya shigo da waya maƙale a kunne, ya zare sakata da hannu ɗaya, ya tura ƙofar da gwiwa. Ko minti ɗaya bai yi ba. Zakari yana kallo, takaici ya kama shi, shekara goma sha ɗaya yana karya ƙafa, ashe ƙofar nan kowa ma tana buɗe masa.

Sai a lokacin mai gidan ya gan shi. Ya kashe wayar, ya ɗauki hular zai miƙa masa, takarda ta faɗo. Ya karanta, ya dubi kwanan watan, ya dubi Zakari.

"Malam Zakari, kwana goma kana yawo da wannan a ka? Me ya hana ka gaya mini?"

"Patron, maigida, in na kwanta, wa zai buɗe kafin ta ukun?"

Mushe Bashir ya tambaye shi ta ukun me. Da Zakari ya yi masa bayanin dokar sufeto, mutumin ya rantse bai taɓa sanin sau uku yake dannawa ba, hannunsa ne kawai ya saba. Ya ce zai kira kamfanin da kansa, in sun cire sunan Zakari to su nemi wani gidan, sannan ya kama shi ya sa a mota, gidan gaba.

Wannan ne karon farko da Zakari ya shiga motar da ya buɗe wa ƙofa sau dubbai. Sanyi, ƙamshi, gilashi a rufe. A hanya wani ɗan benskin ya gitta, Mushe Bashir ya danna hon, Zakari ya ji ta can ƙasa-ƙasa, ƙaramar murya kamar ta ɗan akuya a bayan gida. Ashe daga ciki haka take, ba ta da ƙara ko kaɗan.

Suka iso ƙofar asibiti, tana rufe. Hannun Mushe Bashir ya tafi inda ya saba, ya danna ɗaya, ya danna biyu. Daga ɗakin gadi wani dattijo ya fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya, bakinsa cike da burodi, yana laluben hularsa. Zakari, wanda bai taɓa ko taɓa rigar mai gidansa ba, ya miƙa hannu ya riƙe masa wuyan hannu.

"Patron, bar ta ukun. Yana zuwa."