Neman Habbar Bayan Babbar Sallah

"Yalla, shiga mu tafi," in ji Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, ko addu'ar bayan Asuba ban gama ba. Ya yi wa wani mai gidan abinci a Legas alkawarin kwantena guda ta habbar, wannan abin ruwan mai hannuwa barkatai da ke fesa baƙar tawada. Kwantenar na tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a nan Dubai, jirgi zai tashi ƙarshen mako.

Deira

Daga unguwarmu Al Buteen muka hau tasi zuwa kasuwar kifi. Teburin habbar duk ƙanƙara ce, sai 'yan ƙanana da ba su cika bokiti ba. Mai teburin ya ce, "Shwaiya shwaiya, Alhaji, kaɗan-kaɗan ake samu. Ku gwada Fujairah."

Kawu ya ce min, "Salon ciniki ne. Shekarun baya bayan Babbar Sallah na saya, har zuba min ake."

Fujairah

Muka karɓi motar abokinsa a Ras Al Khor. Tafiyar kusan awa biyu ce, duwatsu hagu da dama, AC na ta fama. Muka karya da gurasar paratha da shayin madara mai kauri, karak, a hanya.

A bakin teku muka samu wani dattijo yana gyaran raga. Da Larabcina na kasuwa na yi tafinta, na ba shi labarin sayen da Kawu ya taɓa yi, sai ya tambaye shi:

"Waccan Sallar, da rigar sanyi ka zo ko babu?"

Kawu ya ce, "Da ita."

"To ka gani. Sallah ta zagayo cikin zafi, teku kuma bai san wata ba. Kai tafinta, sa hannunka a ruwan."

Na sa. Kamar ruwan wankan jego.

Dattijon ya ce habbar shekara guda yake yi a duniya, ya yi ƙwai ya mutu. Ruwa in ya yi ɗumi sai habbar ya nutse can ƙasa, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe da wuri, 'ya'yan su fito ƙanana.

Kawu ya ce, "To a ajiye min ƙananan su yi ƙiba."

Dattijon ya kalle ni. "Habibi, ce masa ba rago ba ne."

Jebel Ali

Bayan La'asar muka iso. Wani dillali ya ce akwai daskararre na wata ƙasa a sito, yau ma sai a loda. Amma sabon kamu na nan Kawu ya yi alkawari. Ya ciro wayarsa ya kira Legas ya ce sai sanyi ya shigo. Mai gidan abincin ya ce zai nemi wani, ya kashe wayar. Khalas, shi ke nan.

Mun dawo flat lafiya, alhamdulillah. Kawu ko tuwo bai taɓa ba.

Ku da kuna wurin, daskararren za ku loda ko wayar za ku buga?