Awon Tsaye

Tsohon tela ya shekara arba'in da biyu yana taka keken ɗinki da ƙafar dama, shi ya sa da gwiwar ta fara ciwo bai yi mamaki ba. 'Ya'yansa ne suka ba shi mamaki.

Babbar 'yarsa ta kai shi asibiti, aka kwantar da shi a kan wani gado mai sanyi, aka ɗauki hoton gwiwar. Likita ya duba ya ce lalacewar ba ta kai a yi aiki ba, ya rubuta maganin shafawa. Shi ke nan fa, a gida tsoho ya zama mai raki. In ya yi nishi zai tashi, sai a kalli juna a yi murmushi. 'Yar tasa har tsokanarsa take, wai Baba so yake a riƙa lallaɓa shi. Wannan magana ta fi gwiwar ci masa rai. Mutumin da allurar keke ta taɓa huda wa farce, ya zare ta ya ƙarasa wuyan riga, yau shi ake yi wa kallon maƙaryaci!

Sai ya daina nishi a gaban kowa. Wata takwas yana dafa bango zuwa shago, yana juya keken da hannu, ɗinkin yana karkacewa.

Da aka koma asibiti, mai ɗaukar hoto ta nuna masa gadon nan. Tsoho ya ƙi hawa. Ya ce ai ciwon ba ya zuwa sai ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar.

"'Yar nan, ni tela ne. Ban taɓa auna mutum a kwance ba, sai wanda za a yi wa likkafani. Auna ni a tsaye."

Sai mai ɗaukar hoton ta sauko da na'urar ta tsayar da shi a gabanta. Hoton ya fito, ƙashi na gugar ƙashi, ko zare ba zai ratsa tsakaninsu ba. Nan take likita ya sa ranar da za a saka masa gwiwar ƙarfe.

'Yar tasa ta daɗe tana kallon hoton, kunya ta lulluɓe ta. Ta durƙusa za ta ba shi haƙuri, ya ce ta tashi, ta tattali tata gwiwar.

A bakin ƙofa ya saki nishi mai ƙarfi, na farko cikin wata takwas. Ba ta yi murmushi ba. Ta matso ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannunsa.