'Yan Kunnen da Baba Ya Bari

Ina zaune a tashar bas ta cikin gari, da cikina na wata takwas, Mama ta kira ni. "Hadiza, sai haƙuri. Babanki ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bas ya zo ya wuce ina kallonsa kamar a mafarki.

Baba ya daɗe yana aiki a wani kamfanin kayan lantarki a nan Greensboro ta Amurka. Aikinsa bin takardu: kuza da zinariyar da ake sawa cikin na'urori, daga wane rami aka haƙo su, ta hannun wa suka biyo. In asalin ya ɓace a hanya, ba ya sa hannu. Yakan ɗaga wayata ya ƙura mata ido, ya ce, "Akwai ƙasar wani ƙauye a cikin nan. Ko mutanensa suna lafiya?"

Ƙanensa, Baba Sale, ya tafi haƙar zinariya a Nijar, 'yan bindiga suka ƙwace ramin, bai dawo ba. "Harsashi saye ake yi," in ji Baba. "Wanda ya karɓi zinariya bai tambaya ba, shi ya saya musu."

Lokacin bikina Anti Rabi ta kawo mini sarƙar zinariya daga gida. Baba ya nemi takardarta.

"Haba Malam! Sarƙar amarya ma sai da papier?"

"Ita ce ma ta fi, Rabi. A wuyan 'yata za ta zauna."

Takarda ba ta samu ba, aka kai ni ɗakina da wuya fayau. Na yi fushi, na yi wata ina gaishe shi a tsaye. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Ranar sadakar uku Mama ta miƙo mini ambulan daga aljihun rigarsa. 'Yan kunnen zinariya ne ƙanana na jarirai, da takardar asalinsu, tun daga rami har kanti. A bayanta ya rubuta: "In mace ce. Babu jinin kowa a jiki."

Mace ce. Ranar suna aka sa mata su.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Baba Sale a Aljanna, ya ba Mama juriya. Baba, ka yafe mini. Takardar na adana ta har jikarka ta iya karatu.